Kunnen Malam Arzika da Gadon Ɗori

Ku gyara zama ku saurara da kyau, domin in na kai ƙarshe ni zan yi shiru, ku za ku yi magana. Kuma kada wani ya ce mini ai duka sun kyauta. Na san sun kyauta, shi ya sa labarin ya isa a ba da shi.

A garin Tudun Marke akwai wani gida da aka sani da ɗori tun kaka da kakanni. Wanda ya faɗo daga kan bishiya, da wanda sa ya tunkuya, da wanda babur ya kayar, duk can ake kai su. Mai gidan a lokacin da nake ba ku labari wani tsoho ne ana ce masa Nomau. Ni kaina na ɗanɗani hannunsa. Wannan ƙafar tawa ta hagu amalanke ce ta bi ta kanta ina saurayi, shi ya haɗa ta, kuma har yau ba ta taɓa yi mini tsami don hadari ya taso ba.

Aikin gidan kashi biyu ne. Akwai na hannu, wato yadda ake laluba ƙashi, a ja shi, a jera kara, a ɗaure. Wannan a fili ake koyonsa, shekara da shekaru. Akwai kuma abin da suke kira cikon aiki: addu'o'in da ake yi, da itatuwan da ake haɗawa cikin man shafawa da gwargwadon kowanne, da irin karayar da maɗori bai kamata ya taɓa ba sai dai ya tura asibiti. Wannan mutum ɗaya ake ba wa a kowane zamani, daga baki zuwa kunne, a cikin ɗaki, babu na uku, kuma ba a rubutawa. Kada ku tambaye ni dalili, haka suka tarar.

Wanda zai karɓa kowa ya san shi. Ɗan wan Nomau ne, Malam Arzika, wanda ya shekara talatin da biyu a gefen tsohon yana riƙe masa ƙafafun mutane. Sai dai kun san halinmu na tsofaffi, ba ma son a ce mun gama. Bana Nomau ya ce sai bayan girbi, baɗi ya ce sai bayan salla. Ana cikin wannan jan ƙafa, wata bazara mai zafi sanƙarau ya kama Arzika, yana da shekara hamsin da ɗaya. Ya kwana goma sha ɗaya a asibiti. Ya tashi da ransa, amma kunnuwansa biyu sun tafi, ko tsawa aka yi sai dai ya ga walƙiya.

A lokacin nan Nomau ya riga ya makance. Haƙoransa sun zube, gemu ya rufe masa leɓe, muryarsa ta koma 'yar siririya. Sai ka shiga gidan ka tarar da su biyu a tabarma ɗaya, wannan ba ya gani, wannan ba ya ji, tsohon yana riƙe da hannun Arzika yana hawaye. Na gan su haka da idona, kuma ban iya zama ba. Mutane suka ce a rubuta, ko a ba wani. Nomau ya ce, "Hannuna cikin na mahaifina na ɗauki alkawari. Arzika ne, kuma da kunnensa. In Allah bai nufa ba, sai in tafi da abina." Kun ga ke nan abin da ke gaban gidan: ko Arzika ya ji magana kafin tsohon ya cika, ko gadon ya shiga kabari.

Arzika yana da 'ya'ya uku, duk sun girma. Babban shi ne Korau, sai Hansai, sai Tunau.

Korau direban babbar mota ne, yana kai albasa kudu. Bai yi nisa a karatu ba, amma mutum ne da ba a ce masa babu ya koma gida. Duk garin da ya sauka sai ya tambaya, har wata ma'aikaciyar jinya da ya rage wa hanya ta gaya masa akwai likitoci a birni masu dasa wa kurma na'urar ji a cikin kunne. Ya je. Likitan ya sa aka kawo uban aka ɗauki hoton kansa, ya duba, ya ce bayan sanƙarau cikin kunne yakan fara daskarewa ya zama ƙashi, in ya gama rufewa babu inda za a zura na'urar, kuma abin na 'yan watanni ne. Korau ɗan gidan ɗori ne, ba sai an yi masa dogon bayani a kan yadda ƙashi ke haɗewa ba. Ya ajiye motarsa a tsakiyar kakar albasa, ya yi mako bakwai yana bin ofisoshi da takardu a jaka, har ya samu aka sa sunan uban cikin mutane kaɗan da wata ƙungiyar agaji za ta ɗauki nauyinsu.

Wannan ma bai kai wahalar dangi ba. Baffanni da gwaggwanni suka taso, suka ce ba za a fasa kan ɗan'uwansu a cusa masa ƙarfe ba, mutum ya tsira da kyar za a sake kai shi bakin mutuwa. Korau bai yi musu da kowa ba. Ya koma birni, ya roƙi wata mata mai sayar da atamfa da aka yi wa aikin, ya ɗauko ta da mijinta har Tudun Marke. Ta zauna a tsakar gida, ta ɗaga mayafi ta nuna musu abin a bayan kunnenta, aka yi ta yi mata magana ta baya tana amsawa. Ranar aka amince. Da aka gama tiyata likitan ya fito ya gaya wa Korau da kyar wayar na'urar ta shiga, da an ƙara wata guda da ba ta shiga ba.

Yanzu bari in gaya muku yadda abin yake, gwargwadon yadda aka fahimtar da ni. A can cikin kunne akwai wani ɗan wuri a naɗe kamar katantanwa. Nan ake zura siririyar waya mai ƙwayoyi a jere kamar na carbi, ta Arzika guda ashirin da biyu ce. Kowace ƙwaya tana taɓa jijiyar ji da 'yar wutar lantarki kaɗan. Na can ciki su ke ɗaukar sauti mai kauri, na bakin ƙofa su ke ɗaukar mai siriri. A waje kuma akwai abin da ake rataya wa kunne, shi ke kama magana ya raba ta ga ƙwayoyin. To, dasawa rabin aiki ne. Sai an zauna da kwamfuta an saita kowace ƙwaya, an san inda mutum ya fara ji da inda ƙara ta isa haka. Kuma babu mai sanin wannan sai mai kunnen.

Mai saitin wata mata ce, Malama Rifkatu, mai haƙuri da sanin aikinta. Bayan mako huɗu da tiyata ta kunna na'urar. Takan ɗauki ƙwaya ɗaya ta riƙa ƙara mata ƙarfi a hankali, ga kuma kati a gaban Arzika da zai nuna da yatsa, ko ya yi kaɗan, ko daidai, ko ya yi yawa. A nan aka yi kuskuren, kuma kuskure ne irin namu. Arzika mutum ne da ya shekara talatin yana ce wa mai karyayyar cinya daure, kai namiji ne. Ga yarinya sa'ar 'yarsa tana yi masa alheri, an yi masa aiki kyauta, ta yaya zai dubi idonta ya ce aikinta yana cutar da shi? Duk inda ta kai, sai ya nuna daidai, ya ce, "Madalla, 'yata, ya yi." Haka ya yi har ƙwaya ashirin da biyu, Korau yana gefe yana murna.

Da suka koma gida duniya ta zame masa azaba. Cokali ya taɓa kwano, sai ya ji kamar guduma a tsakiyar kansa. Maganar mutane kuwa ruwan sama ne a kan kwanon rufi, ƙara kawai babu kalma. Kowa ya zo barka sai ya yi godiya, in an watse ya cire abin ya sa a aljihu. Sau uku ana komawa wajen Malama Rifkatu, sau uku yana ce mata ya yi. Korau ya koma kan hanya da zuciya fara, dangi suna cewa a hankali zai saba.

Hansai tana aure a unguwar gaba, ita ke kawo wa uban abincin rana. Mace ce mai shiru, amma idonta ba ya wuce abu. Ta lura duk sanda aka buga taɓarya a turmi, gefen idonsa na dama da kuncinsa sai sun motsa. Ta lura ya janye tabarmarsa daga kusa da rijiya ya koma bayan rumbu. Ta lura gashin da ke bayan kunnensa bai kwanta ba, alamar ba ya yini da abin. Rannan ta tsaya a bayansa ta ce, "Baba, akuya ta shiga rumbu." Ya ce, "Madalla, Allah ya yi albarka." Ta ajiye kwanon ta koma gida tana kuka.

Ranar komawa asibiti ta ce sai ta bi uban. Malama Rifkatu ta fara aiki, Arzika ya miƙa yatsa zai nuna daidai, sai Hansai ta miƙe. Ku tuna 'ya ce, a gaban uba, a gaban baƙuwa. Ta ce, "Malama, ki gafarce ni. Baba ba zai taɓa ce miki ya yi yawa ba. Ko garwashi kika ɗora masa a hannu, godiya zai yi miki. Ba ya yini da abin nan, a aljihu yake kwana a aljihu yake tashi." Arzika bai ji abin da ta ce ba, amma ya ga ta nuna aljihunsa, ya yi mata wani kallo da ya isa ya zaunar da ƙato. Ba ta zauna ba. Ta ce, "Ki daina tambayar bakinsa. In abu ya yi masa zafi, babban yatsansa yake dannawa a gwiwa. Haka ya yi ranar da aka fita da gawar innarmu. Ki bar ni in zauna a gabansa, ni zan gaya miki."

Malama Rifkatu ta ɗauke katin ta sa a aljihun tebur. Ta ce laifinta ne da ta yarda da amsa mai daɗi har sau uku. Ta sauya tambayar gaba ɗaya: ta riƙa kunna ƙwaya biyu, ɗaya bayan ɗaya, tana tambayar wacce ta fi ƙara, domin wannan dattijo zai iya amsawa ba tare da ya ji ya yi raki ba. Hansai kuma tana kallon yatsan. Suka shafe awa huɗu. Aka tarar kusan duk ƙwayoyin an ɗaga su fiye da kima, biyu daga ciki ma wutarsu tana tsallakawa ta taɓa jijiyar fuska, shi ya sa kuncin ke rawa. Aka sauke su duka.

Arzika ya yi kwana goma sha biyar bai ci abincin Hansai ba, in ta gaishe shi sai ya kau da kai. Ta ci gaba da kawowa tana ɗaukar kwanon a rufe. Amma tun daga ranar bai sake cire na'urar ba. Ya ji kiran salla, ya ji carar zakara, ya fara rarrabe muryar mace da ta namiji. Gaisuwa yana kama ta, tun da ya san abin da za a ce. Sai dai doguwar magana har yanzu a cakuɗe take zuwar masa. Aka kai shi gaban Nomau aka gwada, tsohon ya yi magana, Arzika ya karkata kai ya kasa kunne, ya girgiza kai. A watan nan kuma Nomau ya kwanta, ba ya shan komai sai kunu.

Tunau shi ne wanda dangi suke ganin ba shi da sana'ar kirki. Lasifika yake saitawa, a masallacin Juma'a da wurin wa'azi da gidan biki. Shekararsa ashirin da bakwai, kullum da waya a naɗe a kafaɗa. Shi ya fara zama da uban kowace safiya, ya kare bakinsa da faifai don kada a karanta leɓensa, ya faɗi kalma hamsin ɗaya bayan ɗaya. In uban ya maimaita daidai sai ya jefa ƙwayar wake a ƙwarya. Ranar farko wake goma sha ɗaya ya samu. Bayan mako uku, goma sha biyu. Da wani ne da ya ce a ƙara haƙuri. Tunau ya rubuta wa uban a takarda, ya ce ya kwatanta masa yadda maganar ke zuwa. Arzika ya yi tunani ya ce, "Kamar mutum biyu suna faɗin abu ɗaya, wannan yana taka wa wannan ƙafa."

Tunau ya san wannan ciwon, domin shi yake fama da shi kowace salla a filin idi. In aka kafa lasifika biyu kusa da juna, mutanen da ke tsakani ba sa fahimtar huɗuba. Dattawan kwamitin masallaci kullum cewa suke a ƙaro wata, shi kuma ya san maganin a zare ɗaya. Ya hau mota shi kaɗai ya je ya gaya wa Malama Rifkatu haka, yana jin kunyar kada ta yi masa dariya. Ba ta yi ba. Ta ce abin da ya faɗa sananne ne a aikinsu, wutar ƙwaya ɗaya takan malala ta shiga gonar maƙwabciyarta, musamman inda ƙashi ya fara daskarewa. Ta sa aka kawo Arzika, ta gwada ƙwayoyin bibbiyu, tana tambayar wacce ta fi siriri. A wurare huɗu bai iya rarrabewa ba sam. Ta ce, "Kashe ƙwaya yana taimakon wani, yana cutar da wani. A ɗakin nan ba zan sani ba, sai ya yi kwanaki da kowane saiti, wani yana auna shi kullum. Ni kuma ba zan iya zuwa garinku ba." Tunau ya ce, "Ni ina can."

Ta zuba saiti uku a na'urar: na farko da ƙwayoyin duka, na biyu an kashe biyu, na uku an kashe huɗu. Da Korau ya ji ya kira a waya ransa a ɓace, ya ce, "Na ajiye mota mako bakwai don a sa wa Baba ashirin da biyu, kai za ka je ka kashe huɗu?" Tunau ya ce, "Yaya, ka ba ni wata ɗaya. In wake bai ƙaru ba, da kaina zan je a kunna su." Ya bar bukukuwan kaka duka, masallacin Juma'a ma suka ɗauki wani a madadinsa. Kwana goma-goma ya ba kowane saiti. Kuma ga inda hankalinsa ya burge ni: ya daina magana da muryarsa, ya koma kwaikwayon muryar kakan, ƙasa-ƙasa, a shaƙe, kamar marar haƙori, domin ita ce muryar da ake bukata a ji. Saitin farko ya tsaya a goma sha uku. Na biyu ya kai ashirin. Na uku ya fara da ashirin da shida, kafin kwana goma ya kai arba'in da ɗaya.

Bai tsaya nan ba. Ya shiga ɗakin Nomau ya tafa hannu, ya ji bango yana mayar da sauti, ya rataya tabarmi da barguna ko'ina. Ya kwashe kajin gidan ya kai maƙwabta, ya roƙi mai injin niƙa na bayan gida ya bari sai bayan azahar.

Da hantsin wata Laraba aka shigar da Arzika. Korau ya dawo daga hanya, Hansai ta zo, su uku suna tsaye a bakin ƙofa. Nomau yana kwance, muryar nan tasa da kyar take fita, ya ce, "Arzika, kana ji na?" Arzika ya ce, "Ina ji, Baba." Tsohon ya ce, "Na ɓata maka lokaci, ka yafe mini." Arzika ya ce, "Babu komai tsakaninmu sai alheri." Hansai ta jawo ƙofa ta rufe, suka koma zaure suna mayar da baƙi. Safiya uku aka yi haka, tsohon yana faɗa, Arzika yana maimaita masa har ya gamsu. Bayan kwana tara Nomau ya cika, Allah ya jiƙansa.

Da aka yi sadakar arba'in aka aika wa Malama Rifkatu da zabi da man shanu da godiyar gari, don haka kada wani ya kawo mini sunanta, ita ba 'yar gidan ba ce. Arzika ya kira 'ya'yansa uku zaure. Ya fara da ba Hansai haƙuri a gaban 'yan'uwanta. Sannan ya ce, "Jinkiri ya kusa hallaka gidan nan, ni ba zan maimaita ba. Bana zan zaunar da ɗayanku a gefena, kuma ba zan jira tsufa ba kafin in ba shi cikon aiki. Mutum ɗaya ne, kun sani." Duka ukun suka ce suna so. Kuma kada wani ya fake da cewa Hansai mace ce, kakar Nomau ita ta riƙe ɗorin gidan shekara ashirin.

Arzika ya rasa yadda zai yi, har ya zo ya same mu nan yana neman shawara. In ya dubi Korau, ya ga wanda ya yi tsere da ƙashi ya riga shi, ya kuma juya kan dangi gaba ɗaya ba tare da ya ɗaga murya ba, kuma ba don shi ba babu abin da za a saita tun farko. In ya dubi Hansai, ya ga wadda ta gane ciwon da mai ciwon ya ɓoye, ta sayi fushin uba don ta cece shi, kuma ba don ita ba da na'urar tana aljihu har yau. Tunau kuwa ya san inda za a rage lokacin da kowa ke cewa a ƙara, ya zauna kan abu ɗaya wata da watanni yana aunawa, kuma ba don shi ba da Arzika ya ji ƙarar muryar tsohon bai kama ko kalma ɗaya ba. Maɗori yana bukatar zafin nama, yana bukatar ido, yana bukatar haƙuri, ga shi Allah ya raba su gida uku.

Mu dattawa mun kasa, shi ya sa na kawo muku. To, a cikin Korau da Hansai da Tunau, wa ya fi cancanta ya shiga ɗakin nan a rufe ƙofa?